Yadda ƙananan ɗabi'un yau da kullum ke gina nasarar mutum

Mutane da yawa suna ɗaukar nasara a matsayin sakamakon wani gagarumin yunƙuri, wato ranar da mutum zai ɗaura ɗamara ya ce daga yau komai ya canza. A ganina, wannan fahimta ce take kashe yawancin ƙudurori tun ba a je ko'ina ba, domin zafin niyya yana hucewa cikin 'yan makonni, abin da yake saura kuma shi ne abin da mutum ya saba yi ba tare da ya tsaya shawara da zuciyarsa ba.

Wannan sabo kuwa yana cin kaso mai tsoka na rayuwarmu. A shekarar 2002, masaniyar halayyar ɗan Adam Wendy Wood da abokan aikinta a Amurka sun sa mutane suna rubuta abin da suke yi bayan kowace sa'a, suka gano cewa tsakanin sulusi da rabin ayyukan nasu ana maimaita su ne kusan kullum a wuri guda, sau da yawa hankalin mai yin su yana wani wajen. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sai dai turken da yake ɗaure mutum a kan ɓata lokaci zai iya ɗaure shi a kan karatu ko sana'a, idan shi ya zaɓi inda zai kafa shi.

Wanda yake karanta shafi 10 kowace rana zai karanta shafi 3,650 a shekara, kimanin littattafai 12 ke nan masu shafi 300. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wanda bai wuce tafiyar minti 30 a kwana biyar ba. Wahalar ita ce amfanin ba ya bayyana da wuri. Shafi 10 na yau ba za su sa kowa ya ji ya zama masani ba, barin su ma ba zai yi wani ciwo nan take ba, shi ya sa watsar da su yake da sauƙi ƙwarai.

An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa sabuwar ɗabi'a ta zauna. Asalin maganar daga wani likitan tiyatar gyaran kamanni ne Ba'amurke, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa sukan ɗauki aƙalla wannan adadi kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da Phillippa Lally da tawagarta a Kwalejin Jami'ar Landan suka bibiyi mutum 96 a wani bincike da ya fito a 2009, sai suka ga matsakaicin lokacin kwana 66 ne, kuma ya kama daga kwana 18 har zuwa 254, gwargwadon mutum da nauyin aikin. Ina ganin cutarwar waccan magana ta kwana 21 ba ƙarama ba ce, domin wanda ya cika mako uku yana jin aikin har yanzu da nauyi zai zaci gazawa ce tasa, alhali yana kan hanya daidai. Binciken ya kuma nuna cewa fashin kwana ɗaya bai ɓata ginuwar ɗabi'ar ba. Wannan shi ne ɓangaren da na fi so masu karatu su riƙe, saboda abin da yake rusa ƙoƙari sau da yawa shi ne ɗebe ƙaunar da ke biyo bayan fashin, har kwana ɗaya ya zama wata guda.

Akwai dabarar da take rage dogaro da ƙarfin zuciya. Masani Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wurin da zai yi abu ya fi cika alƙawarinsa a kan wanda ya tsaya ga buri kawai. "Zan ƙara karatu" buri ne. "Zan buɗe littafi da zarar na dawo daga aiki, wayata tana wani ɗakin" tsari ne da ake iya aiwatarwa gobe.

Za a iya cewa wannan duk maganar mai sukuni ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗabi'a mai kyau ba ta ɗauke talauci ko rashin lafiya ko rashin adalci, kuma zalunci ne a ɗora wa wanda yake aiki dare da rana laifin rashin tsari. Amma hujjar tana ƙara ƙarfafa batun ƙanƙantar da aikin ne. Wanda ba shi da sa'a biyu a rana yana iya samun minti goma, kuma minti goma a kullum sun haura sa'a 60 a shekara, lokacin da ya isa a koyi tushen sarrafa kwamfuta ko a gyara rubutu da lissafi.