Yadda na sayi yunwa da kuɗina

Wallahi ba likita ne ya fara gaya mini na yi ƙiba ba, ɗan kabu-kabu ne. Wata Alhamis na fito daga kasuwar Dole da ƴar ledar albasa, na tsayar da yaro na ce Birni, ya kalle ni, ya kalli tayarsa ta baya, ya sake kallona, ya ce Alhaji dala 60. Na ce yaushe Birni ta koma dala 60, ba 40 ba ne? Ya ce Alhaji 40 ɗin na mutum ɗaya ne. Na ce haba samari albasar nan ko kilo biyu ba ta kai ba. Ya ce ai ba albasar nake nufi ba.

Na hau dai don rana ta yi zafi, amma maganar ta tsaya mini a wuya.

Bayan sati biyu ciwon kai ya kai ni likita, aka ɗaura mini abin awon tansiyo aka ce 16, aka ce hau sikeli, na cire takalmi na cire hula har makullin moto na ajiye a tebur, allura ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba sai da ta kai 98. Tsawona mita 1.70. Likitan ya ja takarda ya ce ana raba nauyi da tsawo sau tsawo, nawa ya ba da kusan 34, daga 25 an fara nauyi, daga 30 kuma sunanta ƙiba. Ya zagaya mini mitar tela a ciki ya samu santimita 112, ya ce namiji in ya wuce 102 to ya shiga layin masu jiran ciwon suga da na zuciya. Na ce likita mu a Damagaram tumbi ai shaidar kwanciyar hankali ce, ya ce eh, shi ya sa masu shi suke yawan zuwa su kwanta a nan.

To daga nan na shiga neman hanya, kuma kun san mutum in ya tashi neman sauƙi sai ya fi kowa shan wahala. Na fara da wani shayin rage ƙiba da na gani a status ɗin wata mata, kwali mai hoton Baturiya siririya tana riƙe da wando ya yi mata yawa, wai kilo 10 cikin kwana 10, jikka 5. Na sha kofi biyu daren farko don a yi ta ta ƙare. Ashe filasko ne aka yi masa kwali. Kuma a satin ne famfon unguwarmu ya ɗauke, wanda ya san garin nan ya san in ruwa ya tafi ba ya sallama kuma ba ya cewa ga ranar dawowa, ni da buta muka zama abokan tafiya, ɗan ga-ruwa ya kawo bido huɗu da safe ya dawo da la'asar ya ce Alhaji biki ake a gidan? Kwana uku na sauke kilo 2, kwana uku na gaba suka dawo da kayansu, don ruwan jikina ne kawai ya fita, kitsen yana zaune ko gezau. Wanda ya amfana da shayin nan mai ga-ruwa ne.

Sai na gwada samarin bayan layinmu masu ɗaga ƙarfe, gwangwanin madara cike da siminti an soka masa ƙarfen mota. Suka karɓe ni da girmamawa, Baba bismilla, Baba a hankali. Ɗagawa ɗaya na yi. Kwana huɗu a zaune nake salla.

Da na koma wajen likita ina ɗingishi ya gama dariyarsa ya ce in dai kuɗi zan kashe to in nemi tsari na gaskiya, in tambaye su abu uku, kilo nawa suke alkawari a sati, suna tilasta sayen wani gari ko ƙwaya, kuma sun tambaye ni tansiyo da magungunan da nake sha ko kuwa aljihuna kawai suka kalla. Wani abokin aikina a buro ya kwatanta mini wani wuri da matarsa take zuwa, akwai kwac mai kula da motsa jiki da wata Madam da ta karanci ilimin abinci, tsarin wata uku, jikka 15 kowane wata, awo duk Asabar, ga gurup na WhatsApp da kowa zai tura hoton abin da zai ci kafin ya kai loma. Na je na yi tambayoyina kamar ɗan sanda. Madam ta ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, ba ƙari. Na ce Madam mai shayi kilo 10 ta ce kuma jikka 5 kawai ta karɓa, ta ce to ina kilo 10 ɗin? Na yi shiru. Ta ce kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, in na rage 500 kullum zan sauke wajen rabin kilo a sati, lissafi ne ba tsafi ba. Dabarar haɗuwa duk sati kuma ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, tun 1963 kamfanin Weight Watchers yake yi a Amurka, wata mata ce a New York ta fara da tara ƙawayenta a ɗaki suna ba juna labarin abin da suka ci. Na ce ashe fada ce dai, shayi ne kawai babu.

Na zaro jikka 45 na biya duka lokaci guda don kar shaiɗan ya sa ni fasawa. Ku lura, da hannuna na biya a hana ni abinci.

Aka ba ni ɗan littafi, kowane abinci da makinsa, ni kuma maki 30 a rana. Tuwo malmala ɗaya kamar dunƙulen hannu, na ce hannun wa, ta ce naka, na dinga kallon hannuna ina jin haushin bai fi haka girma ba. Mai cokali ɗaya wajen kalori 120, wai giram ɗaya na mai 9 ne alhali na sitacin tuwo da na furotin ɗin nama 4 ne, ni kuwa shinkafa da wake in mai bai taru a gefen kwano ba ban ɗauka an gama zubawa ba. Zogale da kabeji da tumatir a ci iya ciki, na ce alhamdulillahi ga kwaɗon zogale, ta ce ƙuli-ƙulin ciki ana ƙirga shi. Sai muka zo kan sukari nan ne aka yi mini tonon asiri, ta ce OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce babba kar ya wuce wajen giram 50 a rana, in da hali ma 25, ƙwayar sukari ɗaya giram 5 ce, kwalbar Coca ɗaya ta kai giram 35. Ta ce in ƙirga mata shayina. Na fara, na fari da na biyu da na uku a fada bayan la'asar, a sake ɗora wani bayan isha, ga kafe da madarar gwangwani wajen mai shayi da safe da burodi da ƙwai da mayonez, ban kai ƙarshe ba ta ajiye biro ta ce Alhaji kai ba shayi kake sha ba, alewa kake sha da ɗumi.

Motsa jiki kuma minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, tafiya da sauri bayan asuba. Lokacin hunturu ne, iska tana yanka kunne, na sayi baske fari da wandon sipor da ya matse ni kamar an ɗura gero a safa. Matsalar ita ce a garin nan ba a saba ganin magidanci mai tumbi yana sauri a ƙasa ba sai da dalili. Ranar farko maƙwabcina ya leƙo ya ce lafiya Alhaji, an sace moton ne? Kusa da fadar Sarki wata tsohuwa mai ƙosai ta tare ni ta ce ɗan nan wa ya rasu? Ƴan kabu-kabu kuwa bi na suke a hankali suna Alhaji hau mana ko kyauta ne, abin tausayi. Su da suka ce ni mutum biyu ne.

A gida maman yara ta ce ita tukunya ɗaya gare ta, ba ta girki biyu don wani ya biya kuɗi a hana shi ci. Labari ya kai wa Inna a Birni, kuma kun san yadda labari yake canza riga a hanya, ya isa wajenta a matsayin wai matata ta daina ba ni abinci. Washegari sai ga yaro da kwano an rufe da faifai, tukuɗi ne, gero da dabino da cuku an daka shi ya yi laushi yana ƙamshi, ga alkaki guda shida a gefe yana ɗigar zuma. Yanzu ku gaya mini, abin da uwa ta aiko a mayar mata? Na duba littafin maki babu tukuɗi a ciki, na ce abin da ba a rubuta ba ai ba a hana ba.

Nan ne dabara ta zo mini, kuma ba na alfahari da ita. Akwai wani ɗan farantin roba na autata mai hoton kifi, sai a zuba mini tuwo kamar ƙwan kaza da miyar kuka da ganye a gefe, in ɗauki hoto ta sama in tura gurup, mata su yi ta turo tafi suna cewa Alhaji ya fi mu ƙoƙari, kwac ya ce ku yi koyi da Alhaji. In na ajiye waya sai a kawo kwanon gaskiya. Yara har suka sa wa farantin suna, farantin hoto.

Asabar ta farko 97 da rabi. Ta biyu 98. Ta uku 98 da ɗan ɗori. Madam ta buɗe hotunana tana kallo tana kallon sikeli, ta ce Alhaji da wannan cin ya kamata a ce iska tana ɗaukarka, anya ba maƙoshinka ne yake da matsala ba, ka je a yi maka awon jini. Na ce ni ma abin yana ba ni mamaki Madam, wataƙila gado ne. Har na karɓi takardar awon, saura kaɗan in biya wani kuɗin don in kare ƙaryata.

Daren Talata kwac ya ce kowa ya turo bokal ya faɗi yadda satinsa ya kasance. Na gyara murya na danna, na fara bayani irin na manya, cewa haƙuri shi ne komai, ni yanzu ko sha'awar maiƙo ba na yi, cikina ya saba da kaɗan. Ban ji shigowar auta ba. Sai muryarta tar kamar a rediyo, Baba ka gama hoton? Mama ta ce in kawo babban kwanon ko sai ka gama shan tukuɗin Inna? Na firgita na saki yatsa, kuma kun san in ka saki yatsa tafiya yake. Kafin in lalubo inda ake gogewa mutum 14 sun saurara.

Gurup ya yi tsit na minti biyu, sannan aka fara. Wata Hajiya ta turo bokal ba magana a ciki sai dariya da tari. Wata ta ce dama ta yi mamakin farantin da kullum kifi ɗaya ne a jikinsa. Kwac ya goge saƙonsa na ku yi koyi da Alhaji. Ban san ta inda abin ya bi ba amma washegari ina isa fada wani Bafillace abokin wasana, siriri kamar sandar kiwonsa, ya miƙe ya ce a matsa a matsa, a kawo wa Babarbare babban kwanon. Har mai gadin buro sai da ya tambaye ni ko na gama hoton.

Na so in daina zuwa, jikka 45 ɗin ce ta hana ni. Asabar na shiga ina sunkuyar da kai, Madam ba ta yi faɗa ba, ta karɓi takardar awon jinin ta yaga, ta ce in kawo mata tukuɗin ta gani. Na kai mata, ta auna da ludayi, ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, ta ce ludayi ɗaya maki 6 kuma sau biyu a sati, sauran ta ce in bar mata a nan don kar ya zame mini fitina. Ta rubuta shi a littafi da hannunta. Shayi aka bar mini na fari kawai, mai ɗacin, shinkafa aka ce maman yara ta zuba nawa kafin ta kwarara mai, wannan kam ta yarda don bai ƙara mata tukunya ba. Hoto kuma sabuwar doka saboda ni, kowa ya ɗauka da tabarmar gaba ɗaya a ciki.

Sati takwas da suka rage na yi su da gaske, da yunwa da ƙunƙuni da komai. Ranar awon ƙarshe 92 da rabi, tansiyo 14, ina hawa dutsen bayan Birni ba tare da na tsaya ina yi kamar ina amsa waya ba. Tsohuwa mai ƙosai ta daina tambayar wa ya rasu, yanzu cewa take ɗan nan har yau ba ka samu moton ba?

Juma'ar da ta wuce na je gaida Inna da babbar rigata ta bara, ta kalli wuyana ta kama salati, ta ce dama ta faɗa, wannan ramar ba ta Allah da Annabi ba ce, akwai hannu a ciki. Na yi bayanin kalori na yi bayanin maki, ta ce in rufe mata baki. Jiya da safe sai ga yaro da kwalba, rubutu ne ta karɓo mini wajen malaminta, an haɗa shi da zuma, a sha safe da yamma kwana bakwai, ga kwanon tukuɗi ya ninka na da. Na tura wa Madam tambaya rubutu da zuma maki nawa ne. Na ga ta buɗe tun jiya, har yanzu ba ta amsa ba.