Chmod 777 ba maganin "Permission denied" ba ne

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu koyon Linux (wani tsarin sarrafa kwamfuta) a nan Gombe, kuma tana damuna ƙwarai: wai duk lokacin da sikirif (fayil mai ɗauke da jerin umarni ga kwamfuta) ya ƙi tashi, kwamfuta ta ce "Permission denied", wato babu izini, a buga chmod 777 (chmod umarnin sauya izinin fayil ne), shi ke nan. Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba, sau da yawa sikirif ɗin yakan tashi. Sai dai an buɗe abin da bai kamata ba.

Lambobin nan uku na 777, ta farko izinin mai fayil ce, ta biyu na 'yan rukuninsa, ta uku na sauran jama'a. 4 izinin karantawa, 2 na rubutawa, 1 na gudanarwa. 7 kuwa jimlarsu. Ke nan 777 ya ba duk mai shiga na'urar damar sauya abin da ka rubuta.

A ce sikirif ne mai kwafe bayanan ɗalibai kowane dare a sabar makaranta (babbar kwamfutar da ke riƙe bayananta), kuma root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, ke gudanar da shi. Duk wanda ya cusa layi ɗaya a ciki, umarninsa zai gudana da cikakken ikon root.

Galibi sikirif ɗin da ya ƙi tashi izinin gudanarwa kaɗai ya rasa. Duba da ls -l tukuna, umarnin da ke nuna izinin fayil. Idan haka ne, chmod u+x, wanda ke ba mai fayil kaɗai izinin gudanarwa, ya wadatar.