Juan Carlos Copes da María Nieves: Wa ya ƙirƙiri salon da ake kira na Copes?

Lokacin da Juan Carlos Copes ya rasu a ranar 16 ga Janairun 2021, yana da shekara 89, bayan ya kamu da cutar korona, jaridun Ajantina da na waje sun yi ittifaƙi a kan yabo guda: shi ne mutumin da ya ɗauko rawar tango daga kulob-kulob na unguwannin Buenos Aires ya ɗora ta a kan dandamalin manyan gidajen wasa na duniya. Ban musanta wannan yabo ba, domin ya cancance shi. Abin da nake jayayya a kai shi ne yadda ake ba da labarin kamar aikin mutum ɗaya ne, alhali tango rawa ce da ba ta yiwuwa sai da mutum biyu, kuma matar da ta tsaya a gabansa fiye da shekara arba'in, María Nieves Rego, tana da rabon da bai gaza nasa ba a cikin abin da ake kira salon Copes.

Kafin wani ya rigaye ni, ba ina kiran kowa ya tashi ya koyi tango ba ne. Rawa ce ta mutanen da al'adarsu ta yarda namiji da mace su rungumi juna a bainar jama'a, kuma tamu ba ta yarda da haka ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin sana'ar, da yadda ake rabon suna tsakanin waɗanda suka yi ta.

An haifi tango a ƙarshen ƙarni na 19 a gaɓar kogin Río de la Plata, tsakanin Buenos Aires ta Ajantina da Montevideo ta Yurugwai, a unguwannin talakawa inda jikokin bayin da aka kawo daga Afirka suka cuɗanya da baƙin haure daga Italiya da Sifaniya da kuma mutanen karkara da suka shigo birni neman abinci. Zamanin da ta fi bunƙasa shi ne daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa tsakiyar na 1950, lokacin da ƙungiyoyin makaɗa irin na Juan D'Arienzo da Carlos Di Sarli da Aníbal Troilo da Osvaldo Pugliese suke cika filayen kulob-kulob na wasanni da dubban masu rawa a kowane ƙarshen mako. A wancan zamani yawancin masu rawa ba su taɓa zama a aji ba. Saurayi yakan je wurin atisaye na maza zalla, inda manya za su sa shi ya fara da koyon ɓangaren mace na tsawon watanni kafin a bar shi ya ja ragama, ita kuwa budurwa takan koya a gida wurin yayyenta. Wannan tsari yana da hikima, domin namijin da ya ɗanɗana yadda ake jan mutum ya san nauyin abin da yake nema daga abokiyar rawarsa.

A cikin wannan duniya aka haifi Copes a 1931, María Nieves kuma a 1934. Ita ɗiyar baƙin haure ce daga yankin Galisiya na Sifaniya, mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ta bar makaranta ta shiga aikatau a gidajen masu hali. Yayarta ce take zuwa wuraren rawa da suke kira milonga, ita kuma tana bin ta tana kallo daga gefe har ta iya. Ita da kanta ta sha faɗa cewa lokacin da ta fara ganin Copes bai iya rawa ba, kyawunsa kawai ta gani. Ya tafi ya dage da koyo, ya dawo ya zama gwani, suka fara rawa tare a wurare irin su kulob ɗin Atlanta, sannan suka yi fice a wata babbar gasa a zauren Luna Park a 1951.

Daga nan ne nake ba Copes haƙƙinsa cikakke. A 1955 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Juan Perón, kuma shekarun da suka biyo baya sun zama na koma-baya ga tango: an riƙa takura wa taruka, kiɗan rok na Amurka ya janye matasa, manyan ƙungiyoyin makaɗa suka fara rugujewa saboda babu mai iya biyansu. Gwanayen rawa na unguwanni, waɗanda galibinsu leburori ne da masu ƙananan sana'o'i, suka koma gida. Copes, wanda ya taso yana kallon finafinan 'yan rawar Amurka Gene Kelly da Fred Astaire, ya ga abin da sauran ba su gani ba, wato idan filin rawa zai mutu to dole a nemo wa tango 'yan kallo masu sayen tikiti. Ya tara samari da 'yan mata daga milonga ya kafa ƙungiya, ya tsara musu rawa mai farko da tsakiya da ƙarshe, mai ba da labari, wadda mutumin da ke zaune a kujerar ƙarshe ta zaure zai iya gani ya fahimta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin tango ta asali rawa ce ta cikin cunkoso, taku gajere, ƙirji da ƙirji, wadda daɗinta yana wurin masu yin ta, mai kallo daga nesa kuwa ba ya ganin komai sai mutum biyu suna tafiya. Sai da aka buɗe rungumar, aka tsawaita taku, aka ƙara sauri da wasan ƙafa, kafin ta zama abin kallo.

Sun bar Ajantina a ƙarshen shekarun 1950, suka ratsa ƙasashen Latin Amurka da wahala da ƙarancin kuɗi. Suna tare da makaɗin tango Astor Piazzolla a Puerto Rico a 1959 lokacin da labarin rasuwar mahaifin Piazzolla ya iske shi, rasuwar da ta sa ya tsara ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗensa da suka fi shahara, Adiós Nonino. A farkon shekarun 1960 sun fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, kuma a zamanin ne suka shahara da rawar da suke yi a kan tebur, cikin sauri, a fili ɗan ƙarami wanda kuskuren taku ɗaya ya isa ya jefo mutum ƙasa. Copes ne ya kawo dabarar teburin. Amma duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan bidiyon zai ga cewa wadda take tafiya da baya a kan dogayen takalma, ba ta ganin gefen tebur, ita ce María.

A nan ne hujjata take. A tango namiji yana nuna hanya da ƙirjinsa da nauyin jikinsa, amma yawancin abin da idon mai kallo yake bi ƙafafun mace ne ke yin sa. Ita ce ke juyawa, ita ce ke harba ƙafa tsakanin ƙafafunsa, ita ce ke yanke hukunci cikin ƙiftawar ido a kan yadda za ta cika ɗan lokacin da ya bar mata tsakanin bugu da bugu na kiɗa. Mai tsara rawa yana tsara ta ne a kan jikin da yake da shi a gabansa. Saurin da aka san Copes da shi, da kaifin taku, da tsayuwar nan mai izza, an gina su ne a kan abin da dogayen ƙafafun María suke iya yi, kuma da wata ce daban a hannunsa da wani salon daban zai fito. Sunan ƙungiyar dai na Copes ne, sunan wasannin na Copes ne, salon ma aka ce na Copes ne. Abin ya yi kama da yadda muke tuna sunan makaɗi mu manta 'yan amshinsa, sai dai a nan ma kwatancen bai kai ba, domin ɗan amshi yana maimaita abin da aka ba shi ne, ita kuwa rabin waƙar take rerawa.

Sun yi aure a Las Vegas a tsakiyar shekarun 1960, auren bai daɗe ba ya mutu, Copes ya auri wata ya haifi 'ya'ya. Abin mamaki shi ne sun ci gaba da rawa tare fiye da shekara ashirin bayan haka, wani lokaci ba sa ko magana da juna a bayan labule. Mutane suna son wannan ɓangare na labarin saboda yana da daɗin ji, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne shaida: mutumin da yake da 'yan rawa da yawa a ƙungiyarsa, wanda kuma zama da tsohuwar matarsa ya zame masa ƙaya, bai musanya ta ba duk tsawon wannan lokaci, saboda ya san abin da zai rasa.

Sakamakon haƙurin ya zo a Nuwamban 1983, lokacin da masu shirya wasanni Claudio Segovia da Héctor Orezzoli suka buɗe wasan Tango Argentino a gidan wasa na Châtelet da ke birnin Paris, a daidai makonnin da Ajantina take fita daga mulkin sojan da ya fara a 1976. A gida ba a ɗauki shirin da muhimmanci ba, har ta kai ga a jirgin soja 'yan wasan suka tafi Faransa. Segovia bai nemi matasa masu siririn jiki ba, ya ɗauko gwanaye na gaske, cikinsu har da Virulazo, ƙaton mutum mai teɓa, da matarsa Elvira, tare da makaɗan Sexteto Mayor, kuma Copes da María suna kan gaba. Wasan ya isa Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, a 1985, aka sa shi cikin masu neman lambar yabo ta Tony ta wasannin dandamali a 1986, ya zaga Turai da Japan. Daga wannan wasa ne mutane a Berlin da Tokyo da San Francisco suka fara neman wanda zai koya musu tango, kuma wannan nema daga waje ne ya sa Buenos Aires ta waiwayi tsofaffin da ta manta.

Koyarwa ta zama sana'a mai kawo kuɗi daga lokacin, Copes kuma yana cikin manyan malamanta. Ana lissafa 'yan fim ɗin Amurka Liza Minnelli da Robert Duvall da ɗan rawar bale Julio Bocca cikin waɗanda suka koya a hannunsa, kuma ya fito a fim ɗin Tango na Carlos Saura a 1998. Ina da ƙorafi a kan abin da wannan zamani ya haifar, ko da yake ba Copes kaɗai zan ɗora wa ba. Baƙin da suka ga tango a dandamali sun zo suna neman abin da suka gani, wato harbin ƙafa da ɗaga mace sama, malamai kuma suka sayar musu da shi a ƙirge, taku na ɗaya zuwa na takwas. Aka samu ɗalibai masu jerin salo ashirin a ka waɗanda ba su iya tafiya da mutum a rungume cikin cunkoso ba tare da sun taka wani ba. Sai a shekarun 1990, da tsofaffin 'yan milonga suka fara koyarwa, aka dawo da darasin farko, wato tafiya da sauraron kiɗa. Shi Copes ya san wannan darasi domin a kansa ya taso, amma abin da ya fitar wa duniya shi ne ƙawar da aka ɗora a kai, kuma ita ce mutane suka fi saye.

A tsarin ajin ma an maimaita rashin adalcin. Na dogon lokaci namiji ne yake magana a aji, mace tana tsaye a matsayin wadda ake gwada darasi da ita, kuma sunansa ne a kan takardar talla. Ilimin da mace take da shi, na yadda ake riƙe nauyin jiki a kan ƙafa ɗaya, da yadda ake jira ba tare da an mutu a tsaye ba, da yadda ake ƙawata taku ba tare da an ɓata wa abokin rawa hanya ba, an ɗauke shi kamar baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba ta buƙatar malami. Matan da suka zo bayan María sun koyi wannan ne ta hanyar kallonta, kuma a ganina wanda tsara guda ta koya daga gare shi malami ne, ko ya buɗe makaranta ko bai buɗe ba.

A tsakiyar shekarun 1990, bayan wata tafiya Japan, Copes ya kawo ƙarshen rawarsu, ya ci gaba da 'yarsa Johana. María tana da shekara sittin da 'yan kai, ta shiga ƙunci ta janye daga idon jama'a na wani lokaci. Da ta dawo, sai ta dawo da sunanta ita kaɗai, tana rawa da samarin da ta haifa a shekaru, ta fito a wasan Tanguera a farkon shekarun 2000, kuma jama'a suka riƙa zuwa dominta. Wannan shi ne gwajin da ya rage a yi, domin da a ce ita kayan aiki ce kawai a hannun gwani, da ranar da gwanin ya ajiye ta labarinta ya ƙare.

A 2009 hukumar UNESCO ta sa tango cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam da sunan Ajantina da Yurugwai, kuma tun 2003 Buenos Aires take shirya gasar duniya mai rukuni biyu, na rawar fili da na rawar dandamali. Rukuni na biyun kusan gaba ɗayansa ya tsiro ne daga abin da waɗannan mutum biyu suka fara a shekarun 1950. A 2015 Germán Kral ya fitar da fim ɗin tarihi mai suna Un tango más a kan rayuwarsu, inda kowannensu ya ba da nasa labarin yana da shekara tamanin da wani abu. Wanda yake ganin na yi wa Copes rowar yabo ya nemi fim ɗin, ko ya nemi bidiyon rawar teburin a intanet, ya rufe rabin allon da Copes yake da tafin hannunsa na minti ɗaya, sannan ya rufe ɗaya rabin, ya zo mu yi magana.