Ba kowane mai laifi ne munafuki ba

Zauna a kowace fada a Yamai har a sauke buta ta uku, da wuya ka tashi ba a kira wani munafuki ba. Wanda ya canza ra'ayi munafuki, wanda ya ƙi shiga gardama munafuki, har wanda bai amsa saƙon WhatsApp da wuri ba. Kalma ce mai nauyi, amma mun mayar da ita zagin yau da kullum.

Asalinta Larabci ne. Masana lugga suna danganta ta da ramin wani ɓeran hamada mai ƙofa biyu: a tare shi nan, ya ɓulla can. Ma'anar ke nan, ciki daban waje daban, kuma da gangan. Bahaushe ya taƙaita ta: Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Malamai sun raba munafunci gida biyu. Na aƙida shi ne bayyana imani da ɓoye kafirci, irin na Abdullahi ɗan Ubayyu da ya janye da mutum kusan 300 a hanyar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. A kan irinsu sura ta 63 ta sauka. Wannan sha'anin zuciya ne, ba wanda zai yanke wa maƙwabcinsa hukuncinsa. Annabi (SAW) ma Huzaifa ɗan Yaman ya ba sunayensu a asirce, bai yi shela ba.

Na aiki shi ne wanda hadisin Buhari da Muslim ya ba alamomi uku: ƙarya a zance, saɓa alkawari, cin amana. A nan ake yawan kuskure. Ɗauki tela biyu a Tawa, saura mako guda Sallah. Na farko ya karɓi shadda da kafin alƙalami jaka biyar, ya ce "jibi, Alhaji, in sha Allahu", alhali ɗinki talatin ne jibge a kan teburinsa, ya kuma san ba zai kai ba. Na biyu ya yi alkawari da niyyar cikawa, wuta ta ɗauke masa kwana biyu. Dukansu sun bar mutum da tsohuwar riga ranar idi, amma na farko kaɗai siffar ta hau. Malamai da dama sun sharɗanta niyyar saɓawa tun lokacin ƙulla alkawarin. Tela na farkon ma, daidai a ce ya yi halin munafukai, sai abin ya zame masa jiki sunan zai bi shi.

Hausa ta ƙara wa kalmar wani reshe: mai kwasar magana daga wannan gida ya kai wancan, ya yi wa kowa dariya. Wannan amfani ya zauna, karin maganar "munafuncin dodo yakan ci mai shi" shaida ce. Sai dai idan mutum kai zance kawai yake ba tare da nuna ƙauna ba, annamimi ne ko magulmaci.

'Yan lakkwal kuma kan ɗauko ma'anar kalmar Faransanci "hypocrite", wadda tushenta na Girkanci ke nufin ɗan wasan kwaikwayo, su ɗora wa kalmar munafuki. Mai tsawaita sallah don a gani, riya yake yi. Uban da ke busa taba yana hana ɗansa, bai ɓoye komai ba, rauni ne ya kayar da shi. Ɗan siyasar da ya sauya sheƙa a gaban 'yan jarida, a kira shi ɗan neman abinci in an ga dama. Wanda ya zauna cikin jam'iyyar yana tafi, dare ya yi ya kai sirrinta waje, shi ne mai ramin ƙofa biyu.