Sai kun gama yanke hukunci sannan ku tambaye mu?

Jiya da dare na baje takardun kuɗin wuta na wata shida a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yunit ɗin da muka sha bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi, amma kuɗin sai hawa yake. Na cire tsofaffin ƙwayayen wuta masu wat 60 na sa masu wat 9. Dutsen guga, da ke lashe kusan yunit guda a awa ɗaya, sau ɗaya muke jona shi a mako. Yara sun gaji da jin muryata: kashe fanka, wa ya bar firji a buɗe? Wallahi raina yana ɓaci in na tuna na yi wa yaro tsawa a kan fitila guda, alhali ba shi ya ƙara kuɗin ba.

Ga kuma kuɗin da aka ƙayyade duk wata, ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Wannan tsimi ba ya taɓa shi, kuma mai ɗaki ɗaya ya fi jin zafinsa a kan mai katafaren gida.

Da na ji za a yi zaman sauraron ra'ayin jama'a kan sabon ƙari, na nemi izini a wurin aiki na tafi. Ranar Talata aka sa, ƙarfe goma na safe, lokacin da duk mai neman na kansa yana bakin aiki. Sanarwar ma a can ƙasan shafin intanet aka maƙala ta, da wata takarda mai shafuka barkatai, cike da jadawalin da sai akanta zai warware. Mutanen kamfani suka zo da lauyoyi da majigi, suka ci fiye da awa guda suna bayani. Mu kuwa minti uku-uku aka ba mu.

Akwai wata dattijuwa da ta zo da takardunta a cikin leda. Hannunta na rawa ta ce fanka ɗaya take da ita da ƙwan wuta biyu, a gaya mata me kuma za ta kashe. Ba ta rufe baki ba aka ce, Mama, lokacinki ya cika. Aka yi mata godiya, aka kira na gaba. Ba wanda ya amsa mata. Bayan 'yan makonni ƙarin ya fito, babu ko layi ɗaya da ya nuna abin da muka faɗa ya taɓa wani abu.

Ba na musun cewa samar da wuta yana cin kuɗi. Na san yadda ake lissafin: kuɗin iskar gas ko mai, gyaran layi da taransifoma, albashi, bashi, da ribar da hukuma ta yarda kamfani ya ci, a tara a raba a kan yunit. Na san gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukiren, kuma a Birtaniya iyakar farashin makamashin gidaje ta tashi da kashi 54 cikin 100 a watan Afrilun shekarar. To amma a cikin wannan lissafin har da wutar da ke zubewa a ruɓaɓɓun wayoyi, da wadda wasu ke sata. Ni da nake biya a kan kari, don me zan ɗauki wannan kayan? Kuma in gas ya hau, nan da nan ya bayyana a takardarmu, in ya sauka sai a yi gum.

A Afirka ta Kudu, kamfanin wutar lantarki na ƙasar, Eskom, ya nemi ƙarin kusan kashi 32 cikin 100 na shekarar 2023, hukumar sa ido kan makamashi, NERSA, ta amince da 18.65. A takarda an rage. A aljihun mai biya kuwa, kusan ɗaya bisa biyar aka ɗora masa a shekara guda. Albashin wa ke tashi haka?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mu da wata mafita. Waya ɗaya ce ta shigo gidana, ba zan ce na yi fushi na koma wani layi ba. Don haka ne ma aka kafa hukumar sa ido, ta tsaya wa wanda ba shi da zaɓi. Ku sa zaman da yamma ko ƙarshen mako, a cikin unguwanni. Ku rubuta a shafi ɗaya, da harshen da mutane ke ji, nawa za a ƙara wa gida mai shan yunit kaza. Ku nuna mana aikin da aka yi da ƙarin bara kafin ku nemi na bana. Sannan ina son amsar tambayar dattijuwar nan a rubuce, da sa hannun wanda ya amince da ƙarin.