Jinyar shanyewar ɓarin jiki ba ta ƙarewa da saukar hawan jini

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, mutane da dama sun ɗauka cewa da zarar an saukar da hawan jinin wanda ɓarin jikinsa ya shanye, asibiti ya gama nasa, sai a mai da shi gida ya kwanta ana shafa masa mai. Suna da uzuri, domin kuɗin gado da barin gona nauyi ne babba, amma wannan fahimta tana jawo asara.

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, kuma ƙwaƙwalwa tana sake koyon aiki ne ta hanyar maimaita motsi, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko. Shi ya sa likitocin gashi, wato masu farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suke fara aikinsu tun majinyaci yana kan gadon asibiti. Dattijon da ake zaunar da shi kullum a bakin gado, ana koya masa riƙe moɗa da hannun da ya shanye, ya fi samun damar farfaɗowa, wanda aka bari kwance kuwa gaɓoɓinsa kan sandare, bayansa ya yi gyambo. Kafin a karɓi sallama, ya kamata mai jinya ya nemi sashen gashi ya koyi atisayen da za a ci gaba da yi a gida.