Matasan Ikilisiya, Ba Kowane Aikin Kirki Ba Ne Adalci a Gaban Allah

'Yan'uwana matasa na ikilisiyoyin Damagaram, salama cikin sunan Yesu. Akwai halin da ya fara yi mana yawa. A sayi tiya biyu ta hatsi a Kasuwar Dole, a kai wa gwauruwa a Kara-Kara, kafin ta rufe baki da godiya an ɗaga waya, da yamma hoto yana Facebook. Hatsi ya kai, tsohuwa ta tuƙa tuwo, babu musu. Amma a Matiyu 6 Yesu ya ce mai ba da sadaka don a gani ya riga ya karɓi ladarsa. Yabon nan shi ne ladar, ba sauran komai a wurin Uba.

Abu na farko mai sauƙi ne: kyakkyawar niyya ba ta halatta abin da Allah ya hana. Saul ya bar kyawawan dabbobin Amalekawa da rai, ya ce hadaya za a yi da su, Sama'ila ya amsa masa cewa biyayya ta fi hadaya (1 Sama'ila 15:22). Haka mai awon da ya lotsa gindin tiyarsa, ya ci jika goma, ran Lahadi ya cire jika guda ya sa a baiko. Wannan jikar ba ta wanke ha'incin ba, gama Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama. Gyaransa shi ne ya canza tiya, ya mayar wa waɗanda ya cuta, kamar mai karɓar harajin nan na Yariko da ya ce zai biya ninki huɗu.

Inda gizo ke saƙar shi ne zuciya. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili, sun kawo kuɗi gaban manzanni. Bitrus ya ce filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta su. Abin da ya hallaka su shi ne ƙaryar cewa duka suka kawo, don a ɗauke su masu sadaukarwa. Bulus ya ƙara da cewa ko mutum ya rabar da dukan mallakarsa, in babu ƙauna, bai amfana da komai ba.

To, yaya za ka gane taka niyyar? Kafin ka yi, tambayi kanka: da ba wanda zai taɓa ji, zan yi? Bayan ka yi, sa ido a kan zuciyarka ranar da fasto ya yi godiya a majami'a, ya ambaci sunan wani, ya tsallake naka. In ka koma gida da ƙulli a ƙirji, ka san wa ka yi wa aikin. Dubi kuma su wa kake taimako. In duk masu iya rama maka ne, biki ka yi, bikin kuwa bashi ne. A watan Afrilu, lokacin da famfo ya ɗauke, jarkar ruwan da ka ajiye a ƙofar maƙwabcinka tsoho, Musulmi ne ko Kirista, ba tare da sallama ba, ta fi kusa da abin da Yesu ke nufi a Luka 14, inda ya ce a gayyaci waɗanda ba su iya ramawa.

Kada kuma ku ɗauka da ayyuka ake sayen ceto. Afisawa 2:8-10 ta jera abin daki-daki: ceto ta wurin alheri, ta bangaskiya, sannan ayyuka su biyo baya. Wanda ya juya wannan jeri sai ya fara lissafi, kamar Bafarisiyen da ke azumi sau biyu a mako, ya koma gida bai sami karɓuwa ba.

Wasunku za su ce, tunda niyyata ba ta da tsarki, bari in dakata. A'a. Yakubu ya ce a wasiƙarsa, faɗa wa mayunwaci "sauka lafiya" ba ya cika masa ciki. Furta wa Allah son yabon da ka gani a ranka, ɗauki hatsin ka kai bayan magariba, ka bar wayar a gida.